Tafiya, keke, ɗaki, ƙarfe ko ƙwallo: wanne ya dace da ɗalibin da ba shi da cikakkiyar lafiya a Damagaram?

Ɗan yayata yana shekara ta biyu a Jami'ar André Salifou, kuma tun yana ƙarami yake fama da asma, irin wadda ni ma nake fama da ita. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tarar da ni a zaure, ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, likita ya ce in riƙa motsa jiki. Inna ta ce kada in kuskura, in lallaɓa rayuwata. Abokaina suna ta jana ƙwallo, wani kuma ya ce in bi shi wajen ɗaga ƙarfe, wai ƙirjina zai buɗe. Wanne zan kama?" Na ce, "Zauna, ɗana, wannan ba maganar tsaye ba ce." Abin da muka tattauna ran nan shi ne na faɗaɗa a nan, domin ba shi kaɗai ba ne. A kowane amfi, wato babban ɗakin karatu na jami'a, akwai mai asma, mai sikila, mai hawan jini, mai ciwon suga, da wadda zazzaɓi ya kayar sau biyu a damina har yanzu jininta bai dawo ba.

Tsoron mahaifiyarsa yana da dalili, amma likita ya fi ta gaskiya. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta cewa baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ya kuma yi abin da zai ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, kuma ta ce har da masu ciwo mai daɗewa, gwargwadon ƙarfinsu. Zaman benci daga safe zuwa yamma, sannan kwanciya a kan katifa da waya a hannu, ba lallaɓa jiki ba ne. Sai dai kafin ka zaɓi komai daga abin da zan lissafa, ka je a auna ka, a gwada jininka da tansiyo, wato awon hawan jini, a saurari ƙirjinka, ka faɗa wa likita ainihin abin da kake shirin yi. Wanda ya taɓa suma yana cikin gudu, ko yake jin ciwon ƙirji idan ya hau bene, ko aka taɓa ce masa yana da ciwon zuciya, shi kam ba zai fara komai ba sai da izinin likita.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Na farko kuɗi, domin ɗalibi da bursi yake rayuwa ko da abin da gida suka turo, kuma duk abin da zai ci kuɗin abinci bai cancanci a kira shi neman lafiya ba. Na biyu ɗorewa: kayan aikin zai daɗe, kuma kai za ka iya ci gaba da yi a cikin ƙurar hunturu, da zafin Afrilu da Mayu da yake wuce digiri 40, da lokacin jarrabawa, da watan azumi? Na uku sauƙi: sai an koya maka, sai ka yi tafiya mai nisa, sai ka jira wasu? Na huɗu haɗari ga irin ciwonka.

Na biyar shi ne wanda na fi ba muhimmanci, kuma ban cika jin ana faɗarsa ba: idan jikinka ya ce tsaya, za ka iya tsayawa nan take ba tare da kunyar kowa ba? Mai lafiya yana iya matsa wa kansa, gobe ya tashi da tsamin jiki kawai. Mai sikila ko mai asma idan ya ƙara minti goma don ganin ido, a gadon asibiti zai iya kwana. Yawancin waɗanda na ga motsa jiki ya kayar, sun ji alamar tun da wuri, idon mutane ne ya hana su ja da baya.

Tafiya da sauri

Ba ta cin komai sai takalmi. Ka shiga wajen ƴan bosho a kasuwar Dole ka zaɓi mai laushin ƙasa wanda bai matse maka yatsu ba, zai kai ka shekara idan ba ka mai da shi na zuwa ko'ina ba. Silifas ba ya yi, yana sa mutum jan ƙafa, kuma ƙaya tana ratsa shi.

Mutane suna raina tafiya saboda kowa yana yi, amma akwai bambanci tsakanin tafiyar hira da tafiyar motsa jiki. Ma'aunin yana bakinka: idan kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, ka kai matsakaicin da ake so. Idan maganar ma ta gagara sai kalma ɗaya-ɗaya, ka wuce gona da iri, ka rage. Wanda ya tashi daga jinya ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara minti biyar duk mako, har ya kai minti 30 sau biyar a mako. Ka ga minti 150 ke nan sun cika ba ka biya ko dala ba. In minti 30 a jere sun yi maka yawa, ka raba su uku, ba ka yi asarar komai ba.

Lokaci shi ne sirrinta a garin nan. Ni bayan asuba nake fita, in zaga ta Birni, in bi ta gaban fadar Sarki, in dawo ta gefen duwatsu lokacin da masu ƙosai suke hura wuta, kafin kabu-kabu su cika titi da hayaƙi. A bazara wannan ne kaɗai lokacin da iska take da ɗan sanyi, domin duwatsun nan suna riƙe zafin rana har bayan magariba. A hunturu kuwa lissafin yana juyewa: iskar asuba busasshiya ce mai sanyi, ita ce babbar abokiyar gabar mai asma, kuma sanyi yana tayar wa mai sikila da ciwo. Sai a bari hantsi ya ɗaga, a rufe hanci da rawani ko takunkumi, ranar da hazo ya rufe gari kuwa a haƙura a yi na ɗaki. Da damina a guji gefen tafki da magariba saboda sauro.

Ga ɗalibai mata, tafiya tana da wani alheri: ba ta buƙatar canza sutura, ba wanda zai tsaya kallo. Ku uku ko huɗu ku sa lokaci, ku zaga cikin harabar jami'a ko unguwa da sauran haske. Haɗarinta kaɗan ne, abin hawa da ƙishirwa, kuma duk inda ka ji jiri sai ka nemi inuwa ka zauna. Ba mai tambayarka dalili.

Keke

Keke ya fi tafiya tsada nesa ba kusa ba, ko da na hannu ne, ga faci, ga sarƙa, ga kwaɗo saboda ɓarayi. Amma shi kaɗai ne a cikin biyar ɗin yake mayar maka da kuɗinka, domin abin da kake ba kabu-kabu kullum zai zauna a aljihunka, kuma motsa jikin ya shige cikin zuwa makaranta, ba sai ka ware masa lokaci ba. Ba ya dukan gwiwa da ƙugu, don haka ya dace da mai nauyin jiki ko mai ciwon gaɓoɓi.

Matsalarsa hanya. A kan kwalta za ka yi gogayya da babura da manyan motoci, har da tankokin man da ke bin hanyar Tanut. Ka sauka daga kwalta kuma rairayi ya riƙe taya, abin da ka ɗauka matsakaici ya koma aikin ƙarfi ba shiri. Sannan lokacin tashi daga aji ba kai kake zaɓa ba, wata rana da tsakar rana za ka dawo. Mai farfaɗiya da mai yawan jiri kada su hau keke a titi.

Motsa jiki a ɗaki

Tabarma ɗaya, bango, kujera mai ƙwari, da gorar ruwa biyu. Gora mai lita ɗaya da rabi nauyinta kilo ɗaya da rabi ne, ka san abin da kake ɗagawa, kuma kana iya rage ruwan ko ka ƙara. Tsohon tib na tayar keke da mai faci zai ba ka kyauta, in ka ɗaure shi a ƙarfen taga, ya ishe ka jan da zai ƙarfafa baya da kafaɗa. Tashi daga kujera a zauna sau goma, tura bango da hannu biyu sau goma, kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu sau goma, a huta, a maimaita. Minti 15 zuwa 20, kwana biyu ko uku a mako.

Wannan ne yake cike gurbin ƙarfafa tsoka, kuma shi ne ba ruwansa da yanayi: hazo, ruwan sama, tsakar dare lokacin jarrabawa, duk ɗaya ne. Ga wanda zaman karatu ya sa wa ciwon baya, yana da amfani. Illarsa biyu. Ba mai ganinka, don haka ba mai gyara maka kuskure, kuma saurin gundura gare shi, mutum ya yi mako biyu ya watsar. Maganin duka biyun shi ne abokin ɗaki da za ku riƙa yi tare. Mai asma ya kula da abu ɗaya: a share ɗakin a yayyafa ruwa tun da wuri, ƙura ta kwanta, kuma kada a yi kusa da hayaƙin maganin sauro ko turaren wuta. Zuciya da huhu ba sa samun rabonsu sosai a nan, shi ya sa nake ganinsa abokin tafiya, ba madadinta ba.

Ɗaga ƙarfe

Samarin Damagaram sun san ƙarfe. A unguwanni da yawa, Kara-Kara da sauransu, za ka ga inda aka kafa benci a ƙarƙashin rumfa, sandar ƙarfe an zuba siminti a gwangwani biyu an liƙa a bakinta, ko tsofaffin ƙarafan mota an jera. Kuɗin shiga irin wannan wuri kaɗan ne ko babu. Akwai kuma wuraren da aka tanadi injuna ana biya a wata, su kuwa sai mai hali, kuma watan da bursi ya makara shi ke nan an yanke.

Ƙarfe a kan kansa ba abin gudu ba ne. Mai ciwon suga yana amfana da tsoka, domin ita take shanye sugan jini, kuma wanda jinya ta rame yana buƙatar mai da ƙarfinsa. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake yi. Ƙarfen siminti ba wanda ya san kilonsa, sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kuma ba a ƙara shi kaɗan-kaɗan, daga ƙarami sai ƙato. Mai ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa yana danne numfashi yana nishi, wannan dannewar kuwa tana harba jini sama a cikin daƙiƙoƙi. Ga mai tansiyo wannan ba wasa ba ne. Ƙa'ida ita ce a fitar da numfashi lokacin ɗagawa, a zaɓi nauyin da za a iya ɗagawa sau 12 zuwa 15 ba tare da jijiyar wuya ta miƙe ba, ranar da awo ya kai 18 a kan 11 kuwa, wato 180 a kan 110, ba ƙarfe ba, komai ma a ajiye a nemi likita.

Sai kuma maganar da ta fi damuna. A irin waɗannan wurare ba a rasa mai ce maka ga ƙwayar da za ta cika maka jiki ko ta ɗauke maka gajiya. Ƙwayar ƙiba da ake sayarwa a tebur sau da yawa deksametazon ce, tana kumbura fuska, tana hawar da suga da jini, tana raunana ƙashi. Tramol kuwa yana toshe maka jin ciwon da shi ne ke gargaɗinka, yana kama mutum, yana iya jawo farfaɗiya. Ɗalibin da yake da ciwo tun asali, waɗannan guba ne gare shi. Damar tsayawa ma ƙarama ce: samari biyar sun kewaye ka suna ƙirga maka, "saura biyu, namiji!", wa zai ajiye?

Ƙwallo

Ba zan ɓoye ba, a cikin biyar ɗin ita ce mai daɗi. Kuɗinta karo-karon sayen ƙwallo ne da takalmi, fili kuwa duk inda aka samu sarari an kafa duwatsu biyu. Tana kore kaɗaici, kuma ɗalibin da ya baro Gure ko Magariya ya zo bai san kowa ba, a fili yake samun abokai. Wannan ma lafiya ce, ban raina ta ba.

Amma ni na san abin da ta yi mini. Ina shekarar farko a jami'a, cikin watan Janairu, aka ce mutum ɗaya ya rage a cika, na shiga. Abin shaƙata na Ventoline yana ɗaki a aljihun wata riga. Filin rairayi ne, ƙafafun mutum ashirin da biyu suna tayar da ƙura, ni kuma baki buɗe nake haki. Na ji ƙirjina ya fara kukan usur tun kafin a juya, amma ana cin mu ɗaya, na ji nauyin in ce a canza ni. Da aka tashi na zauna a kan dutse ina cewa na tsira, ashe lokacin abin yake tafe. Cikin ƴan mintuna numfashi ya koma kamar ana zuƙo shi ta tsinken kara, sai a kan babur aka kai ni asibiti, wani aboki yana riƙe da ni ta baya. Daga baya na fahimci dalili: hanci yana ɗumama iska yana jiƙa ta, baki ba ya yi, busasshiyar iska kuma tana busar da hanyoyin numfashi su tsuke, kuma tsukewar takan fi tsanani minti biyar zuwa goma bayan an daina gudu.

Wannan ba ya nufin mai asma ya yi ban kwana da ƙwallo. Wanda asmarsa take kwance da magani, ya ɗumama jiki minti 10 zuwa 15, ya shaƙi maganinsa kafin wasa in likita ya umarce shi, ya ajiye shi a bakin fili, ya zaɓi lokacin da ruwa ya kwantar da ƙura, yana iya bugawa. Mai sikila ne nake ja wa kunne sosai, ita da wasu ke kira emasi ko amosanin jini. Gudu mai tsanani, zafi da ƙishirwa suna sa ƙwayoyin jininsa su lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwo ya tashi. Ga karo da faɗuwa, alhali wasu saifarsu ta kumbura, wasu kuma ƙashin ƙugunsu ya riga ya fara lalacewa. Mai SS, wato mai ciwon sikila ɗin kansa, ya bar wasan gasa. Mai AS, wanda ya gaji sikila ta ɓangare ɗaya kawai, yawanci lafiyarsa lau, amma shi ma kada ya kai kansa maƙura a cikin zafi ba ruwa.

Kokuwa, duk da son da muke mata da yadda gari ke ɗauka lokacin gasar takobi, hukuncinta ya fi na ƙwallo tsanani, a bar wa masu lafiya. Iyo da ake yaba wa a wasu ƙasashe ba zaɓi ba ne a garin da ruwan sha ma sai an bi layi, ruwan tafki kuma tsargiya ce a ciki.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | Damar tsayawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Tafiya da sauri | Takalmi kawai | Duk shekara, a canza lokaci | Ba sai an koya ba | Kaɗan | Nan take |
| Keke | Tsada a farko, yana rage kuɗin kabu-kabu | Sai da gyara | Rairayi yana wahalarwa | Titi da rana | Akwai, amma sai ka koma gida |
| Na ɗaki | Kusan babu | Ba ruwansa da yanayi, akwai gundura | A nuna maka sau ɗaya | Kaɗan | Nan take |
| Ɗaga ƙarfe | Kaɗan a unguwa, tsada a wurin injuna | Ya danganta da aljihu | Sai da mai koyarwa | Babba ga mai tansiyo, ga ƙwaya | Da wuya |
| Ƙwallo | Karo-karo da takalmi | Sai an taru | Kowa ya iya | Babba ga mai sikila da mai asma | Ita ce mafi wuya |

Wa zai ɗauki wanne?

Mai asma ya kama tafiya da na ɗaki, abin shaƙa a aljihu kullum. Idan ya yi wata biyu ko uku ba tashin dare ba kukan ƙirji, ya gwada ƙwallo rabin lokaci da damina, tare da abokan da ya riga ya gaya wa halin da yake ciki tun kafin a fara. Wannan faɗar tun farko ita take cire kunyar fita.

Mai sikila ya tsaya a tafiya mai sauƙi da miƙe gaɓoɓi a ɗaki, ya sha ruwa kafin ya fita, ya riƙe wani a hannu, ya huta duk bayan ƴan mintuna. Ranar da ya ji alamar ciwo a ƙashi ba fita. In ƙugu yana damunsa, keke a hanya mai kyau da sassafe zai fi masa doguwar tafiya, bayan likita ya duba ƙugun.

Mai hawan jini tafiya ce maganinsa na biyu bayan ƙwayarsa, sai keke in yana da hanya mai kyau, sai gorar ruwa a ɗaki. Ƙarfen siminti ba nasa ba ne.

Mai ciwon suga ya haɗa tafiya da ƙarfafa tsoka, tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana sauke suga. In yana allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide, kada ya fita da yunwa, ya sa dabino uku a aljihu saboda rawar jiki da gumi mai sanyi, ya kuma duba tafin ƙafarsa duk ya dawo.

Wadda jininta ya yi ƙasa, ko wanda ya tashi daga zazzaɓi, su fara gyara tukunya: wake, zogale, gyaɗa, ƙwai ko hanta in an samu, da maganin ƙarin jini in an rubuta. Minti 10 na tafiya ya isa a makon farko. Da zazzaɓi a jiki ba a motsa jiki, maganar wai gumi zai fitar da shi ba gaskiya ba ce.

A watan azumi kowa ya mai da nasa bayan shan ruwa, mai sikila da mai suga kuma su tambayi likita game da azumin kansa. Kowane ne ka zaɓa, ciwon ƙirji, jiri, duhun gani ko bugun zuciya ba tsari suna nufin ka tsaya ka nemi asibiti a ranar.

Ɗan yayata tafiya ya ɗauka. Ranar Asabar yakan ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan asuba mu zaga Birni tare, sauran kwanaki shi da abokin ɗakinsa. Ƙwallo kuwa mun yi da shi sai ruwa ya sauka.